Ciwon Ƙoda Mai Ɗorewa: Tambayoyin da Malaman Makaranta a Kumasi Suke Yawan Yi

Waɗannan tambayoyi ne da ke ta dawowa duk lokacin da aka zauna da malaman makarantun Aboabo, Sawaba, Asawase da Tafo, na boko da na Islamiyya, kan maganar ƙoda. Mun jera su daga mai sauƙi zuwa mai zurfi, mun sa musu lamba domin wata amsar tana jingine da wata.

1. Mene ne aikin ƙoda, kuma yaushe ake cewa ciwonta ya zama mai ɗorewa?

Ƙoda biyu ce, kowace kusan girman dunƙulen hannu, suna baya, ƙarƙashin haƙarƙari. A cikin kowace akwai ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya. A rana guda suna tace ruwan jini kimanin lita 180, su mayar wa jiki kusan dukansa, su fitar da lita ɗaya zuwa biyu a matsayin fitsari. Bayan tacewa, ƙoda ce ke daidaita gishiri da ruwa, tana da hannu a hawa da saukar jini, tana fitar da sinadarin da ke sa ɓargo ya haɗa jini, kuma tana taimaka wa ƙashi ya yi ƙarfi. Shi ya sa mai ciwon ƙoda yake kumbura, jininsa ya hau, ya yi fari fat kamar wanda jini ya ƙare masa.

Likita yana kiransa mai ɗorewa idan lalacewar ta wuce wata uku: ko ƙarfin tacewa ya sauka ƙasa da 60, ko furotin yana zuba cikin fitsari. Bayanin waɗannan lambobi yana tambaya ta 7. Matatar da ta mutu ba ta dawowa. Abin da ake yi shi ne kare waɗanda suka rage.

2. Me ya sa ake matsa wa malamai da wannan magana?

Dalili biyu. Na farko, malam shi kansa yana cikin haɗari. Yana fita gida tun da duhu, ya karya da koko mai zaƙi a tsaye, ya ci abincin rana a bakin ƙofar makaranta, ya zauna duba takardun jarrabawa har dare, ciwon baya ya taso ya aika yaro kantin magani. Shekara ashirin a haka, hawan jini ya daɗe da zama ba tare da an taɓa auna shi ba.

Na biyu, malam ne ke ganin fuskar yaro ƙarfe bakwai na safe, kwana biyar a mako, kuma a lokacin ne kumburin ƙoda ya fi fitowa, kamar yadda yake a tambaya ta 12. Sannan a zango maganar malam tana da nauyi. Uwar da ta yi biris da maganar nas za ta ɗauki yaronta zuwa asibiti idan malamin ajinsu ya zo gida ya ce a kai shi.

3. Su wa suka fi shiga haɗari?

Manyan biyu su ne masu hawan jini da masu ciwon suga. Bayansu akwai wanda iyayensa ko 'yan uwansa na jini suka yi ciwon ƙoda, mai ƙiba musamman ta tumbi, mai ciwon zuciya ko wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, mai sikila, mai cutar ƙanjamau, mai ciwon hanta nau'in B ko C, mai shan taba, da wanda ya haura shekara 60. Haka nan namijin da fitsari ke yi masa wuyar fita saboda kumburin furostat, da mai tsakuwar ƙoda, da wanda ƙodarsa ta taɓa tsayawa farat ɗaya bayan zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko kwalara, ko zubar jini wajen haihuwa, ko da an ce ya warke.

A duniya kusan mutum ɗaya cikin goma yana da ciwon ƙoda mai ɗorewa. Makarantar da ke da ma'aikata talatin, da wuya a rasa wani a cikinsu. Abin da ya fi damunmu shi ne a nan Ghana da yawa daga waɗanda ƙodarsu ta gaza 'yan shekara talatin ne zuwa hamsin, masu iyali, suna tsakiyar aiki.

4. Lafiyata ƙalau, bayana ma ba ya ciwo. Ina ruwana da gwaji?

Nan ne mutane suke ruɗuwa. Ciwon baya na malami yawanci na ƙashi ne da tsoka, daga tsayuwa gaban allo da zama kan benci. Ciwon ƙoda mai ɗorewa kuwa galibi ba ya ciwo. Idan wasu matatai suka mutu, sauran sai su ɗauki aikin, mutum ya ci gaba da harkokinsa har ya rasa fiye da rabin ƙarfin ƙodarsa bai sani ba. Kumburin ƙafa, kasala, tashin zuciya da safe, ƙaiƙayin jiki, ƙin nama, shaƙuwa da haki duk alamomi ne na can baya, lokacin da abin ya yi nisa. Alamun farko biyu ne kawai, su ma ba kowa ke samunsu ba: fitsari mai kumfar da ba ta bajewa, kamar an zuba omo, da yawan tashi fitsari cikin dare.

5. Yaya hawan jini yake cin ƙoda, kuma yaya ake awo daidai?

Matatun ƙoda curin ƙananan jijiyoyi ne, sun fi gashin kai siranta. Jini mai ƙarfi yana dukansu dare da rana har bangonsu ya yi kauri, su toshe. Ƙodar da ta ji rauni ita kuma sai ta riƙe gishiri da ruwa, jinin ya ƙara hawa, kowanne yana ƙara wa ɗan uwansa wuta.

Awon da ya kai 140 bisa 90 ko sama, a ranaku daban-daban, hawan jini ne. Amma awo yana ɓaci idan ba a kiyaye ba. Kada a sha shayi, kofi, taba ko a ci goro minti 30 kafin awo. A yi fitsari tukuna. A zauna shiru minti biyar, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba a kan riga mai kauri ba. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya ko biyu, a rubuta duka tare da kwanan wata. Mai kaurin damtse ya nemi babban maɗauri, domin ƙarami yana nuna lamba sama da gaskiya. Idan awo ya kai 180 bisa 120, musamman tare da ciwon kai, duhun gani, ciwon ƙirji ko haki, asibiti za a tafi a ranar.

Kuskuren da ya fi kashe ƙoda shi ne barin magani. Malam ya sha na wata guda, awo ya sauka, sai ya ce ya warke. Maganin ne ya saukar da shi, kuma ana barinsa jinin zai koma inda yake. Mai tsoron cewa ƙwayar hawan jini ce ke lalata ƙoda ya sani cewa irin su lisinopril da losartan ana ba da su ne musamman don kare ta.

6. Ciwon suga fa?

Suga mai yawa a jini yana sa matatun su yi aikin da ya fi ƙarfinsu, su fara yoyon furotin, daga baya su ƙeƙashe. Wannan yana ɗaukar shekaru. Awon suga na safe kafin a ci komai idan ya kai 7.0 ko sama, ko gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin suga na kusan wata uku, ya kai 6.5, kuma aka sake aka tabbatar, ciwon suga ne. Duk wanda aka gano yana da shi a girmansa ya yi gwajin ƙoda tun ranar farko, domin mai yiwuwa ciwon ya daɗe a jiki kafin a gano shi, sannan ya maimaita kowace shekara.

Gwangwanin lemo guda yana ɗauke da suga kusan ƙaramin cokali takwas. A ƙara da na koko, da soborodo, da burkina, da ataya zagaye uku a majalisa bayan isha'i. Ba wanda ya ce a bar ataya, amma a rage sugan rabi, cikin mako biyu harshe zai saba.

7. Wane gwaji zan nema, kuma yaya zan karanta takardar?

Abu huɗu: awon hawan jini, awon suga, gwajin fitsari, da gwajin jini na kiriyatinin, wani datti da ƙoda ke fitarwa daga jini. A asibitocinmu ana rubuta na jinin da sunan BUE da Creatinine, na fitsarin kuma Urine R/E. Ana yinsu a Manhyia, Tafo, Suntreso da sauran asibitocin gwamnati, ba sai an je babban asibitin Komfo Anokye ba. A tafi da katin inshorar lafiya na NHIS mai rai. Mai suga ko hawan jini ya tambaya ko akwai gwajin ACR, wanda yake kama ɗan furotin ɗin da gwajin tsinken da ake tsomawa a fitsari yake tsallakewa.

Daga kiriyatinin ake lissafa eGFR, wato ƙarfin tacewa. Daga 90 zuwa sama daidai ne. Daga 60 zuwa 89 ba a kiransa ciwo sai in akwai wata shaida kamar furotin a fitsari. Daga 30 zuwa 59 mataki na uku ne, 15 zuwa 29 na huɗu, ƙasa da 15 na biyar, wato ƙoda ta gaza. A ACR, 3 zuwa sama a ma'aunin mg/mmol, ko 30 a ma'aunin mg/g, yana nuna yoyo.

Takarda ɗaya ba ta yanke hukunci. Zazzaɓi, jinin haila, ciwon mafitsara ko motsa jiki mai tsanani suna iya sa furotin ya fito na ɗan lokaci, kuma cin nama da yawa daren jiya yana ɗaga kiriyatinin. Fitsarin farko na safe ya fi. Idan sakamako ya ɓaci, likita zai sa a sake, sannan a tabbatar bayan wata uku. A adana kowace takarda a jaka guda, domin saurin saukar lambar daga bara zuwa bana shi ne abin da likita ya fi son gani.

8. An ce a rage gishiri. Ni ai ba na barbaɗa shi a abinci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, daga duk abin da ya ci. Yawancinsa ba daga barbaɗawa yake zuwa ba. Dunƙulen miya kusan rabin nauyinsa gishiri ne. Ga kifin koobi da momoni, ga shito, ga yajin tsire, ga ƙullin sinadarin taliyar yara, ga kifin gwangwani. Kanwar da ake jefawa a wake ko miyar ayoyo ita ma tana ƙara wa jiki sodiyam, sinadarin gishirin da ke tayar da jini.

A tukunya, a zaɓi ɗaya: ko dunƙule ko gishiri. A jiƙa koobi a zubar da ruwan sau biyu. A koma ga daddawa, albasa, citta, tafarnuwa da kanumfari. Mai ciwon ƙoda kada ya sayi gishirin da ake tallatawa a matsayin na masu hawan jini sai da izinin likita, domin fotasiyam ne a ciki, kuma ƙoda mai rauni ba ta iya fitar da shi, yana iya tsayar da zuciya.

9. Maganin ciwon jiki da nake saya a kanti yana da illa?

Wasu suna da ita ƙwarai. Diclofenac, ibuprofen, naproxen da piroxicam suna rage jinin da ke shiga ƙoda. Mai lafiya da ya sha na kwana biyu ko uku galibi ba abin da zai same shi. Haɗarin yana ga mai shansu kullum, da mai hawan jini ko suga, da wanda ya sha alhali yana amai, gudawa ko azumi, jiki ba ruwa. Haɗin ƙwayoyi da ake ƙullawa a leda ba suna shi ya fi muni, domin sau da yawa iri biyu ne na wannan dangi a ciki. Farasitamol ya fi sauƙi ga ƙoda, muddin babba bai wuce giram 4 a rana ba. Ciwon da ya wuce mako biyu yana bukatar a duba tushensa.

10. Maganin gargajiya fa, da man shafawa?

Ba ma cewa kowane ganye guba ne. Matsalar ita ce jarkar da ba a san abin da ke ciki ba, ba a san awonsa ba, ana sha kofi-kofi, kuma komai ya shiga jini ƙoda ce za ta tace shi. Maganin basir, na shawara, na ƙarfin maza, kayan mata, da wanda ake tallatawa a mota a kasuwar Kejetia wai yana wanke ƙoda, duk ma'aikatan sashen ƙoda sun saba jin sunayensu a bakin majiyyata. Ƙoda mai lafiya ba ta bukatar wanki. Mai rauni kuwa irin wannan ne ke ƙarasa ta. Lambar rajistar hukumar abinci da magunguna ta FDA a jikin kwalba ita ce mafi ƙarancin abin da za a duba, amma ko da ita, wanda gwajinsa ya nuna matsala ya tsaya sai ya tambayi likita. Ranar wanka ba a ɓoye cibiya: a je asibiti da kwalbar a hannu.

Man bilicin da ke ɗauke da sinadarin makuri yana ratsa fata ya sa ƙoda yoyon furotin, wanda ke da sitiroyid kuma yana tayar da jini da suga. Malaman manyan ajujuwa su yi wa 'yan mata wannan magana tun kafin su fara.

11. Ana gadonsa?

Ana gadon saurin kamuwa. Akwai wata ƙwayar halitta mai suna APOL1 wadda wasu nau'o'inta suka yawaita a Afirka ta Yamma, domin suna ba da kariya daga wani nau'in ciwon barci, amma suna ƙara haɗarin ciwon ƙoda. Wani babban bincike da aka yi kan mutane sama da 8,000 a Ghana da Nijeriya, wanda ya fito a 2024, ya nuna cewa ko kwafi ɗaya yana ƙara haɗarin, biyu sun fi. Yawancin masu ɗauke da shi ba sa kamuwa, kuma ba gwajin da ake yi wa kowa ba ne. Abin yi shi ne, idan an taɓa yi wa wani wankin ƙoda a na'ura a gidanku, kowa ya yi gwaje-gwajen tambaya ta 7 duk shekara, ko yana da shekara 25.

12. Me zan lura da shi a jikin yara a aji?

Kumburin fatar ido da safe wanda yake sauka kafin tashi, ya koma ƙafa da yamma. Takalmin da ya matse farat ɗaya, ko cikin da ya yi tulu. Iyaye sukan ɗauka yaro ya yi ƙiba ko barci ne ya yi masa yawa. Sai fitsari mai launin shayi ko koka-kola, wanda yakan zo mako ɗaya zuwa biyu bayan ciwon maƙogwaro, ko mako uku zuwa shida bayan ƙuraje masu ruwa, musamman waɗanda suka biyo bayan ƙazwa. A makarantun kwana da ɗakunan almajirai inda ake haɗa tabarma, maganin ƙazwa da wuri kariya ce ga ƙoda. A yi wa 'yan ɗakin duka magani lokaci guda, a wanke kayan kwanciya a shanya a rana.

Jini a ƙarshen fitsari ga yaron da ya yi wanka a rafi ko ya dawo hutu daga yankin tafkin Volta yawanci tsargiya ce. Ba alamar balaga ba ce. Praziquantel yana kashe ta, amma in aka bar ta shekaru tana iya toshe hanyar fitsari ta kumbura ƙoda. Ƙaramin yaro namiji da ke nishi wajen fitsari, yana fita ɗis-ɗis, shi ma a kai shi, don akwai toshewar da ake haihuwar yaro da ita.

Aikin malam shi ne ya kira iyaye a keɓe a ranar, ya faɗi abin da ya gani, ya ce a nemi awon jini da gwajin fitsari. Kada a yi maganar a gaban aji, kuma kada a ba yaron wata ƙwaya daga aljihun tebur.

13. Yaro yana yawan neman izinin fitsari. In hana shi?

A'a. A Ghana kusan jariri biyu cikin ɗari ana haihuwarsu da sikila, kuma a nan Kumasi aka fara gwajin jarirai tun 1995. Ƙodar mai sikila ba ta iya riƙe ruwa, don haka dole ya yawaita fitsari, dole ya yawaita sha. Hana shi ruwa yana iya tayar masa da ciwo. Yawan fitsari tare da ƙishirwa da rama kuma alamar suga ce ko a yaro. 'Yan mata da ke riƙe fitsari tun safe saboda ƙazantar bayi suna kamuwa da ciwon mafitsara, wanda yake iya hawa zuwa ƙoda. Malamai ma haka suke yi. Babba mai lafiya, ledar ruwa huɗu a rana, wato lita biyu, ma'auni ne mai kyau, a ƙara lokacin zafi. Wanda likita ya ƙayyade wa ruwa ya bi ƙa'idar likita.

14. Mai ciwon ƙoda zai iya azumi?

Ya danganta da mataki. Na mataki na huɗu da na biyar, da wanda lambarsa ke sauka da sauri, galibi ana ba su shawarar kada su yi, kuma Alƙur'ani ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara. Na matakan farko da ciwonsa ya tsaya cik yakan iya, amma ya ga likita wata ɗaya ko biyu kafin Ramadan don a gyara lokacin shan magani, musamman na suga da na sa fitsari. Ya raba shan ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur, ya guji magungunan tambaya ta 9. Jiri, amai ko raguwar fitsari suna nufin a karya.

15. Akwai abin da ya shafi malamai mata musamman?

Matar da jininta ya hau lokacin ciki, ko ta yi jijjiga, ko sugan ciki, haɗarinta ya ƙaru har bayan shekaru. A auna ta mako shida bayan haihuwa, sannan duk shekara. Mai shan lisinopril ko losartan da ke neman ciki ta gaya wa likita tun da wuri, domin suna cutar da ɗan tayi, akwai waɗanda ake canza mata.

16. An ce ƙodata ta taɓu. Sai wankin ƙoda ke nan?

Yawancin masu mataki na uku ba sa kaiwa ga wanki idan aka riƙe jini da suga, aka rage gishiri, aka bar taba da magungunan tambaya ta 9 da ta 10. Akwai kuma sababbin ƙwayoyi irin su dapagliflozin da ke rage saurin lalacewar. A duk inda za a ba ka magani ko a yi maka hoton da ake allurar rini, ka faɗi cewa kana da ciwon ƙoda. Ranar da amai da gudawa suka kama ka, ka tuntuɓi asibiti, don akwai ƙwayoyin da ake dakatarwa har ka warke.

Wankin ƙoda na mataki na biyar ne: awa huɗu kan na'ura, sau uku a mako in an samu hali. A 2024 kuɗin zama ɗaya a asibitin Korle Bu da ke Accra ya tashi daga sidi 380 zuwa 491, sannan daga Disamba na shekarar NHIS ta fara biya a cibiyoyin da ta amince da su. Duk da haka na'urorin ba su da yawa, akasarinsu suna Accra da Kumasi, ga kuɗin mota, ga allurar ƙarin jini, ga ranakun da malam zai bar ajinsa. Dashen ƙoda an fara yinsa a Korle Bu a 2008, kuma wanda aka yi wa zai sha maganin hana jiki ƙin ta muddin ransa.

17. Me makarantarmu za ta iya yi da ɗan abin da take da shi?

A haɗa kuɗi a asusun walwalar malamai a sayi na'urar awon jini ta damtse, ba ta wuyan hannu ba, tare da babban maɗauri. A ajiye ta wurin malamin da ke kula da shirin lafiyar makarantu na SHEP, kowa ya auna sau ɗaya a zangon karatu, ya riƙe lambarsa a nasa littafin. Shugaban makaranta ya ba da izinin zuwa asibiti ba tare da ɓata rai ba. A zauna da masu sayar da abinci kan dunƙule da suga. A gyara bayi, a tanadi ruwan sha. Ranar Ƙoda ta Duniya tana faɗowa Alhamis ta biyu a watan Maris. A rubuta wa asibiti mafi kusa tun Janairu a nemi nas ta zo da tsinken gwajin fitsari, a gayyaci iyaye da limamin unguwa, a kuma naɗa mutum guda da zai bi waɗanda sakamakonsu ya ɓaci bayan mako biyu ya ji ko sun je asibiti.